Bokiti Arba'in na Rosaire

Shekarar da Rosaire ya ajiye tuƙin bas a birnin Montreal, matarsa, yayata Gilberte, ta ce ita ma ta gaji da zaman bene, suka tattara komatsansu suka dawo gidan mahaifiyarmu a nan ƙauye. Gidan a kulle yake tun da Mama ta rasu. Ni dama ban taɓa barin garin ba. Gidana yana tsallaken titi, in na tsaya wanke-wanke ina hango ƙofarsu ta taga, da manyan bishiyoyin mefil guda uku da kakanmu ya dasa a bakin hanya, irin waɗanda ake dafa ruwan jikinsu a yi maɗi.

Rosaire ɗan birni ne gaba da baya. A hawa na uku aka haife shi, a kan kwalta ya girma, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana zagaya titunan birni da fasinja. Ƙaton mutum ne mai fara'a, mai son hira, ga shi ba ya iya zama haka nan. Hunturun farko da suka yi a gidan ya gyara duk abin da ya lalace, da ya gama ya koma kan waɗanda ba su lalace ba. Ya kwance famfon banɗaki da ke aiki lafiya lau, ya mayar, famfo ya fara ɗiga. Ya share dusar ƙanƙarar ƙofar gidansu, ya share tawa, ya share ta tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni ba tare da ta roƙe shi ba. Abu ɗaya ne Gilberte ta hana shi taɓawa: takardar bangon kicin. Wata irin takarda ce mai ruwan ƙasa, an zana mata butocin shayi da furanni ruwan lemo, ta tsufa har ta yi duhu ta saman murhu. Sau biyu yana cewa zai ɓare ta ya yi fenti.

"Mama ce ta liƙa ta da hannunta," in ji Gilberte. "Ka nemi wani abin."

Wata Lahadi a farkon Maris, bayan an taso daga coci, suka zo cin abinci gidana. Na yi wainar fulawa, na buɗe gwangwanin maɗi na ƙarshe cikin waɗanda Aurèle ya ba ni bara. Aurèle ɗan wan babanmu ne, shi ke riƙe da dajin mefil na gidanmu yanzu. Rosaire ya tsiyaya maɗin har ya malale faranti, ya ci, ya ɗaga kai ya ƙura wa taga ido.

"Huguette, waɗancan bishiyoyin na ƙofar gidanmu, ba irin na dajin Aurèle ba ne?"

"Su ne mana."

"To me ya sa muke zaman jiran Aurèle ya ba mu gwangwani, alhali ga maɗi nan tsaye a ƙofar gida?"

Gilberte ba ta ko ɗago ba. "Rosaire, ci abincinka."

Mu biyun mun san abin da bai sani ba. Muna 'yan mata Baba ke da dajin, kafin ƙafarsa ta gaza ya bar wa ɗan'uwansa. Duk shekara in lokacin ya zo sai mu bi bayan doki da bokiti biyu-biyu, dusar ƙanƙara har cinya, muna juye ruwan itace a ganga, yatsu sun sandare, safa ta jiƙe. Gilberte ta sha rantsuwa cewa in ta yi aure ba za ta ƙara ɗaukar bokiti ba. Ni dai na ce shi ya sa ta auri mutumin da bai san bambancin mefil da turken lantarki ba.

Na ce, "Mijin Yaya, bari in rage maka wahala. Bokiti arba'in ne. Sai ka tara bokiti arba'in na ruwan itacen, ka dafa, ka yi ta dafawa, sannan ka samu bokiti ɗaya na maɗi."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Ku mutanen ƙauye kun iya tsorata baƙo! Arba'in? Ki dai ce goma."

"Arba'in."

"To ashirin. Na ba ki ashirin."

"Ba ciniki muke yi ba, Direba. Je ka tambayi bishiyar."

Washegari ya tafi wurin Aurèle. Aurèle ya daɗe da barin bokiti, duk dajinsa siraran robobi ne shuɗɗa daga bishiya zuwa bishiya, ruwan yana gangarowa da kansa har bukkar dafuwa. Tsofaffin bokitan kwano suna jibge a sito. Aurèle ya zaɓo masa shida masu murfi, da 'yan bututun ƙarfe shida, da mahujin hannu na Baba, ya biyo shi har gida don ya nuna masa. Aurèle ba mai yawan magana ba ne. Ya zagaya bishiya ta farko, ya dafa ta ta ɓangaren da rana ke bugawa, ya ce, "Nan." Ya nuna masa tsawon gaɓar yatsa biyu. "Kada ka wuce haka. Bakin ramin ya ɗan kalli ƙasa, don ruwan ya gangaro." Rosaire ya huda, ya buga bututun a hankali da guduma, ya rataya bokiti.

Muka tsaya jira. Ina wurin, da kofin shayina a hannu. Ɗigo ya taru a bakin bututun, ya yi nauyi, ya faɗa gindin bokitin ya ce tal. Can wani ya biyo baya. Rosaire ya tara yatsa ya kai baki. Fuskarsa ta canja.

"Wannan ai ruwa ne!"

"Da me ka zata?" na ce.

"Na zata zai ɗan yi kauri. Ko launi ma babu."

"Sake ɗanɗanawa," in ji Aurèle.

Ya sake. Ya riƙa motsa baki. "Akwai ɗan zaƙi can ƙasa-ƙasa. Kamar an wanke cokalin sukari a ciki."

"To shi za ka kamo," Aurèle ya ce, ya shiga motarsa.

Gilberte tana bakin ƙofa ta harɗe hannuwa, rigar sanyi a kafaɗa. Amma da aka rataya duka shidan suka fara ɗiga, kowanne da muryarsa, na ga ta daɗe a tsaye duk da sanyin da ake yi. Da yamma kuma, bayan Rosaire ya shiga ciki, na hango ta ta tagata ta fito da ƙaramin kofi, ta ɗaga murfin bokiti ta ɗiba ta sha, ta waiga ko wani ya gan ta.

Shi kuwa Rosaire bai jira komai ba. A makon ya je gari ya sayo kwalabe dozin biyu ya jera su a kan tebur. Ya bi tsofaffin abokan aikinsa da waya ɗaya bayan ɗaya. Ina jin sa yana cewa, "Marcel, kada ka sayi maɗi bana. Na ce kada ka saya! Daga gonata zan aiko maka." Gonar tasa bishiya uku ce.

Sai sanyi ya dawo. Ruwan mefil ba ya zuba sai dare ya daskarar rana kuma ta narkar, in ɗayan ya ƙi shi ke nan. Kwana da kwanaki bututun a bushe, ɗan abin da ke gindin bokiti ya zama dutse. Rosaire ya riƙa fitowa yana ɗaga murafe yana leƙawa, har kunne na ga ya kara a jikin bishiya.

Na buɗe taga na ce, "Me ta ce maka?"

"Ta ce in gaya wa ƙanwar matata ta rufe tagarta, sanyi na shiga."

Daga nan gari ya saki. Rana ta fito da ƙarfi, indararo ya fara zuba, titi ya zama laka, hankaki suka cika gari da kuka. Bokitan suka riƙa cika kafin la'asar. Rosaire ya samo gangar roba ya binne ta cikin tarin dusar ƙanƙara a bayan gida don kada ruwan ya yi tsami, yana jigila safe da yamma yana fito. Kafin ƙarshen mako gangar ta cika, ya ƙara da tukwane biyu.

Ranar da ya sa zai dafa ta zo daidai da ranar da zan kai Gilberte garin Saint-Georges ganin likitan ido. Kafin mu tafi ta nuna masa murhun gas na waje, wanda suke dafa masara da shi da rani, ta ce, "A waje, Rosaire. Ka ji ni? A waje."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Abin da ya faru bayan tafiyarmu shi ya ba mu labari daga baya. Ya kunna murhun a bayan gida, ya ɗora babbar tukunya. Sai iska ta taso da wani yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. Wutar ta mutu, ya kunna, ta sake mutuwa. Tukunya ɗaya ce, ga ganga cike tana kallonsa. Ya leƙa kicin ya ga murhu mai baki huɗu zaune ba ya aikin komai, ga ɗumi, ga rediyo. Ya ce a ransa ruwa ne dai kawai, wa ya taɓa ɓata kicin da dafa ruwa? Ya kwaso manyan tukwanen Mama ya ɗora huɗu, ya ƙure wuta, ya rufe ƙofa da tagogi saboda sanyi. Duk tukunyar da ta ja baya sai ya ƙara mata daga ganga. Haka ya wuni.

Mu kuwa daga wurin likita muka biya kasuwa, muka ci abinci, muka leƙa wata ƙawar Gilberte. Sai da yamma muka dawo. Tun daga kwana na ga tagogin gidan sun yi fari fat, ruwa na gangarowa a jikin gilashi ta ciki.

Gilberte ta ce, "Kai. Kai, kai, kai."

Da ta tura ƙofar kicin wani tururi ya buge mu, mai ɗumi, mai ƙanshin da na sani tun ina yarinya. Tabarauna ya rufe, na cire. Ba a ganin ƙarshen ɗakin. Rufi yana ɗiga, ƙasa ta jiƙe, kalandar bango ta nannaɗe. Can tsakiyar hazon ga Rosaire daga shi sai singileti, ya yi jawur, da ludayi a hannu, bakinsa har kunne.

"Kun dawo a daidai! Ku zo ku gani, ya fara yin launi!"

Bai rufe baki ba muka ji wani sauti a bayansa, shuuu, kamar ana jan zane. Takardar bango ce. Falle guda ya saku tun daga sama, ya lanƙwaso a hankali, ya sauko ya kwanta masa a kafaɗa, da butocin shayi da furannin duka. Sai a lokacin muka duba sosai. Duk bangon ya kumbura. Ta saman murhu ta riga ta zube, ta bayan ƙofa tana reto, sauran kuma gefensu ya buɗe.

Rosaire ya juya ya kalli bangon, ya kalli matarsa. Hannun da ke riƙe da ludayin ya sauka.

"Gilberte, ban lura ba. Na rantse ban lura ba. Tukwanen nake kallo."

Ni na kasa yin shiru. "Na ce maka arba'in, ɗaya zai zauna a tukunya. Sauran talatin da taran ina ka zata za su tafi? Ga su nan, ka shayar da bango."

"Huguette, don Allah," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganinsa haka ba, sai na kama bakina.

Gilberte ta ajiye jakarta a kan kujera. Ko rigar sanyi ba ta cire ba. Ta taka zuwa jikin bango wajen taga, inda Mama ke zama tana fere dankali, ta ɗora tafin hannu a kan takardar ta daɗe. Rosaire ya fara cewa zai nemo gam, zai mayar da kowane falle wurinsa, in ta bushe ba wanda zai gane. Ta sa farce ta kamo gefen fallen ta ja. Ya taho gaba ɗaya tun daga ƙasa har sama, bai ko yage ba, ya bar tsohon bango mai launin toka.

Ta tsaya riƙe da shi. "Na tsani takardar nan," ta ce. "Tun ranar da na fara ganinta na tsane ta." Ta share ido da bayan hannu. "Ban taɓa gaya mata ba."

Na ce, "Yaya, ita ma ta tsane ta."

"Ƙarya kike!"

"Baba ne ya zaɓo. Ya je gari sayen ƙusa ya dawo da ita yana ta murna. Kina Montreal lokacin. Ta liƙa don kada ransa ya ɓaci, bayan ya rasu kuma ta ce ba za ta iya cirewa ba. Duk safiya sai ta harare ta kafin ta ɗora ruwan shayi."

Gilberte ta dube ni, ta dubi fallen da ke hannunta, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke haɗe da hawaye, har sai da ta dafa tebur. Rosaire ya rasa ko ya taya ta ko ya ci gaba da ba da haƙuri. Ya lallaɓa ya miƙa hannu zai kashe murhu.

"Kada ka kashe!" ta daka masa tsawa. "Wancan lungun bai gama sakuwa ba."

Muka tuɓe rigunan sanyi muka naɗe hannun riga. Ni na ɗauki ɓangaren ƙofa, ita ta ɗauki na taga, Rosaire ya hau kujera yana kamo na can sama. Takardar da masu fenti ke wuni suna kankara ta riƙa biyo hannunmu kamar ɓawon ayaba. Muna cikin haka Gilberte ta tsaya cak, ta juya.

"Kumfa!"

Tukunyar baya ce ta taso, kumfa ruwan zinariya ta kawo baki tana shirin zubowa. Kafin Rosaire ya sauko daga kujera ta riga ta yanki ɗan man shanu da bakin wuƙa ta jefa, kumfar ta kwanta nan take. Ta ture shi gefe da gwiwar hannu. Gangar dama ta ƙare, sai ta haɗe abin da ke cikin tukwanen huɗu a guda, ta rage wuta, ta karɓe ludayin. Rabonta da wannan aiki tun tana budurwa, amma hannunta bai manta ba. Ta riƙa ɗiba tana ɗagawa sama tana kallon yadda yake zuba. Da farko ɗigo-ɗigo yake sauka. Can ya fara haɗuwa yana saukowa a shimfiɗe daga bakin ludayin.

"Ya yi. Kawo tsumma mai tsabta a tace."

Kwalba biyu da rabi aka samu. Rosaire ya jera su gaban sauran kwalaben da ba komai a ciki, ya leƙa tukunya, ya karkata ta, ya je ya leƙa gangar.

"Shi ke nan? Ganga guda fa, da tukwane biyu."

"Shi ke nan," in ji Gilberte. Ta ɗebo a cokali daga rabin kwalbar, ta hura, ta miƙa masa. "Buɗe baki."

Ya sha, ya rufe ido. Maɗin farkon shekara ne, mai haske, mara nauyi, zaƙinsa ba ya gundura. Ya buɗe ido ya ce, "Daga bishiyar ƙofar gida." Ya sake cewa, "Gilberte, daga bishiyar ƙofar gida fa."

Da Aurèle ya zo ya ga kicin bai yi dariya a gaban Rosaire ba, sai da ya koma mota, muna hango kafaɗunsa na rawa. Washegari ya dawo da wani tsohon faffaɗan kasko mai kusurwa huɗu da bulon siminti. Suka gina murhu a bayan gida, nesa da bango, suka kare shi daga iska da tsohon kwanon rufi. Aurèle ya ce faɗin kasko shi ke aiki ba zurfinsa ba, ruwa fili yake so ya tashi. Itacen wuta kuwa sai da Rosaire ya ƙone rabin wanda suka tanada don hunturu mai zuwa, Gilberte tana gani ta kau da kai.

Sauran kwanakin a bayan gidan nan muka yi su. Duk ranar da ruwa ya taru sai a hura wuta tun da hantsi. Nakan tsallako da kujerata da saƙata. Gilberte ta ce ita ba ruwanta, shan iska ta fito, amma ba ta barin kowa ya taɓa ludayi in dafuwa ta zo ƙarshe. Mukan ɗebi ruwan da ya fara zaƙi mu jefa masa ganyen shayi. In rana ta yi tsaka ta ɗiba a ƙaramar tukunya ta fasa ƙwai a ciki, mu ci da burodi. Mai raba wasiƙu yakan tsaya ya sha kofi guda. Tsohuwar maƙwabciyata ta zo da sandarta ta zauna, ta ce na marigayi mijinta ya fi wannan, ta kuma nemi ƙari.

Wata safiya Rosaire ya tarar ƙanƙara ta kwanta a saman bokitai. Zai juye duka a kasko, Gilberte ta ce ya yar da ƙanƙarar, ruwa ne zalla, zaƙin yana ƙasa. Ya ƙi yarda sai da ya gutsura ya tauna. Tun daga ranar in aka kwana da sanyi murna yake, yana cewa an taya shi aiki. Wata rana kuma na fito na ga Gilberte ta taho daga bakin hanya da bokiti biyu cike, tana taka sawun Rosaire don kada ta nutse.

"Yaya! Ke ce?"

"Bayansa ke ciwo," ta ce. "Matsa min in wuce."

Maganar kwalaben abokai ita ta riƙa damun Rosaire. Ya ga ko ya ba su duk abin da ya samu ba zai kai ba. Gilberte ta ce, "Kira su su zo nan su sha. Abin da cikinsu ya ɗauka shi ne rabonsu." Ranar wata Asabar mota biyu suka iso daga Montreal, tsofaffin direbobi uku da matansu, da takalman birni da suka nutse a laka tun daga bakin ƙofa. Na dafa wake a tanda, Gilberte ta yi wainar ƙwai da naman alade. Rosaire ya cika wani dogon akwatin katako da dusar ƙanƙara mai tsabta daga inuwar sito, ya daddanne ta. Gilberte ta ƙara dafa maɗi har ya yi kauri, ta riƙa zuba shi layi-layi a kai. Yana taɓa sanyi sai ya kama, kowa ya sa tsinke ya nannaɗo alewarsa. Manyan mutane masu furfura suka koma yara, har da ture-ture. Haƙoran roba na Marcel suka maƙale a alewa suka fito, matarsa ta ce ita ba ta san shi ba.

Bayan ya mayar da haƙoransa Marcel ya leƙa bokiti ya ce, "Wai wannan ruwan, kwalba nawa ake dafawa kafin a samu guda ta maɗi?"

Rosaire ya gyara tsayuwa ya sa hannu a aljihu, kai ka ce a dajin aka yanke masa cibiya. "Arba'in. In itacen na da zaƙi, kamar nawa, yakan ɗan yi ƙasa da haka. Ƙarshen lokaci kuma har hamsin."

"Arba'in? Haba dai!"

"Ku mutanen birni ba ku san komai ba," in ji Rosaire.

Na buɗe baki, Gilberte ta taka min ƙafa.

Tsakiyar Afrilu dare ya daina daskarewa. Kwaɗi suka fara kuka a fadamar bayan coci, rassan mefil suka yi ja da toho. Ruwan ya ragu ya ɗan yi rawaya, ƙwari suka fara faɗawa bokiti. Rosaire ya dage ya yi dafuwa ta ƙarshe, ta fito baƙa mai ɗaci-ɗaci. Aurèle ya sansana ya ce, "Cire bututunka. Bishiya ta gama ba ka, yanzu ganyenta za ta ciyar." Da ya zare su ya tsaya yana shafa ramukan, ya tambaya ko a toshe. Aurèle ya ce a bar su, da kanta za ta rufe, baɗi sai ya matsa gefe ya huda sabon wuri.

Abin da ya rage bayan wanda aka shanye ba shi da yawa. Kwalba biyu suka tafi wurin jikokinsu. Ɗaya ta tafi wurin Aurèle, wanda ke da ganguna na maɗi a sito, amma ya karɓa da hannu biyu. Ni ma na samu ɗaya, da sunana a jiki da rubutun Rosaire.

Baƙin maɗin ba ya shawuwa haka nan, sai a girki, don haka Gilberte ta gasa mana kek a cikinsa. Ranar ana tsakiyar fentin kicin muka ci shi. An shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, tagogi a buɗe, an janyo tebur tsakiyar ɗaki. Ni kore na ce a yi, ita ta ce rawaya, ba a tambayi Rosaire ba.

"Wannan rawayar ta yi yawa, Yaya," na ce. "Kamar mutum na zaune cikin ƙwai."

"Gidanki ne?"

"In ta bushe za ta lafa," in ji Rosaire, da fenti a gira. Ya ƙara yanko kek. Ya ce ya yi magana da tsohuwar maƙwabciyata a kan bishiyoyinta huɗu, ta yarda in zai ba ta rabi. Akwai kuma wasu manya a bayan coci da ba wanda ke kula su, ya rungume su ya ji kaurinsu, hannunsa bai haɗu ba.

"Wa zai ɗauko maka ruwa tun daga coci?" in ji Gilberte.

"Ina da baro."

"Ka gama fentin tukuna."

Ya suɗe cokalinsa, ya ɗauki burushi ya hau kujera. Saura bango ɗaya da rabi.